SHARHI: Gidajen Da Ke Kulle A Gindin Duwatsun Kagoro, Jari Ne Da Ke Barci

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kafanchan zuwa Kagoro, ko wadda ta nufi Zonkwa da Kwoi, zai ga gidaje na bulo da siminti, masu rufin kwano mai launi, tsaye a gindin duwatsu, akasarinsu kuwa a kulle suke. Masu su ma'aikatan gwamnati ne, da hafsoshin soja da na 'yan sanda, da malaman makaranta, da 'yan kasuwa, waɗanda neman abinci ya kai su Kaduna da Abuja da Jos da Legas. Wasu sun shafe shekara goma suna ɗora bulo a kan bulo daga albashinsu, wasu kuma kuɗin sallama daga aiki suka zuba gaba ɗaya. Amma ba a buɗe waɗannan gidaje sai lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, ko ranar biki, ko ranar jana'iza. Sauran watannin shekara kuwa, gara da ɓeraye da jemagu ne ke kwana a cikinsu.

Wannan al'amari ya cancanci masu tsara tattalin arzikin Jihar Kaduna su dube shi da idon basira, domin kuwa dukiya ce mai yawa aka riga aka kashe, wadda ba ta haifar wa mai ita riba, ba ta kuma amfanar ƙauyen da take ciki. Hanya mafi sauƙi ta tayar da ita daga barci ita ce iyalan da suka mallaki gidajen su riƙa zuwa hutun ƙarshen mako a kai a kai, sannan waɗanda suka ga dama su riƙa saukar da baƙi a kan kuɗi. Aikin gwamnati a nan shi ne ta kawar da abubuwan da suka hana mutane zuwa, kafin ta yi tunanin gina wani katafaren otal na alfarma da sunan bunƙasa yawon buɗe ido.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne wurin da Allah ya ajiye wannan yanki. Kudancin Kaduna yana jingine ne da gefen yamma na tsaunukan Filato, saboda haka yana samun ruwan sama fiye da arewacin jihar, ƙasarsa na da dausayi da kurmi, iskarsa kuma da sanyi-sanyi. Duwatsun Kagoro, a Ƙaramar Hukumar Kaura, sun haura mita 1,200 daga doron teku, kuma har yanzu akwai mutanen da ke zaune a samansu. Kusa da Madakiya, 'yar tazara kaɗan daga Kafanchan, akwai magangarar ruwa ta Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 30. Kurmin Kagoro da Nindam sananne ne ga masu nazarin tsuntsaye. A Ƙaramar Hukumar Jaba kuma akwai ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, wanda daga baya binciken Bernard Fagg, tun daga 1943, ya nuna cewa aikin wata al'umma ce da ta rayu sama da shekara 2,000 da suka wuce. Sunan wannan ƙauye ya shiga littattafan tarihi na duniya, masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus sun yi shekaru suna tono a yankin tun daga 2005, amma mutanen Kaduna da Abuja da suka taɓa taka ƙafarsu a can ba su da yawa.

Bugu da ƙari, yankin yana tsakiyar manyan birane uku. Daga Abuja, ko ta Keffi ko ta Bwari da Jere da Kagarko, tafiyar sa'o'i uku zuwa huɗu ce in hanya na da kyau. Daga Jos ba ta kai haka ba. Daga Kaduna ta Kachia ma kusan haka take. Tun da aka mayar da hedkwatar ƙasa zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, dubban ɗaruruwan masu albashi suka taru a wuri ɗaya, a nesan da mutum zai iya tashi bayan aiki ranar Juma'a, ya kwana a Kagoro ko Kwoi, ya koma ranar Lahadi da yamma. Babu wani yanki mai duwatsu a arewacin Nijeriya, in ban da Jos kanta, da ke da irin wannan kasuwa a bakin ƙofarsa.

Neman hutu a wuri mai tudu da sanyi ba baƙon abu ba ne a wannan sashe na ƙasar. Turawan mulkin mallaka da na haƙar kuza sun mayar da Jos wurin shan iska, inda aka gina otal ɗin Hill Station domin su, 'yan mishan na SIM kuma suka kafa gidan hutawarsu a Miango. A kudu maso gabas an kafa gandun shanu na Obudu a kan tsauni a 1951, wanda daga baya ya zama wurin shaƙatawa. Sai dai duk waɗannan an yi su ne domin baƙo, ko domin mai hannu da shuni. Abin da ya bambanta kudancin Kaduna shi ne masu gidajen 'yan ƙasa ne, iyayensu da kakanninsu a can suke kwance, kuma ba sa bukatar talla kafin su san hanya.

Akwai darasi a ƙasar Ghana. Mutanen Kwahu, waɗanda suka yi suna wajen kasuwanci a birnin Accra, sun daɗe suna gina manyan gidaje a garuruwansu na kan tsauni, kamar Obo da Mpraeso, gidajen da su ma kan zauna a kulle sai lokacin bikin Ista. A 2005 hukumomin yawon buɗe ido na ƙasar suka haɗa wannan komawa gida da wasan shawagi da lema daga kan tsauni, sai bikin ya zama ɗaya daga cikin manyan tarukan shekara a Ghana, masu gidaje kuma suka shiga ba da hayar ɗakuna ga baƙi. A Norway ma, ƙasar da yawan jama'arta bai kai miliyan shida ba, akwai ƙananan gidajen hutu na iyali sama da 400,000 a duwatsu da bakin ruwa, kuma ƙananan hukumomi da dama na karkara sun dogara ne da cinikin da masu waɗannan gidaje ke kawowa a ƙarshen mako. A wuraren biyu, gidan iyali ne ya riga otal zuwa.

Kudancin Kaduna na da nata bukukuwan da za a ɗora a kansu. Bikin Afan, wanda ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairun kowace shekara, yana tara dubban mutane, kalmar Afan ɗin ma tana nufin dutse ne a harshen mutanen wurin. Ya samu ɗaukaka a zamanin marigayi Sarkin Kagoro Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 har zuwa rasuwarsa a 2008. Mutanen Ham kuma suna da bikin Tuk Ham a Kwoi, wajajen lokacin Ista. A irin waɗannan ranaku masauki kan yi wuya a Kafanchan, mai nama da mai acaɓa da mai sayar da doya kowa na murmushi. Matsalar ita ce cinikin kwana uku ba ya riƙe ɗan kasuwa shekara guda. Ba wanda zai buɗe gidan abinci mai tsabta, ko ya horar da yara su raka baƙi hawan dutse, domin kasuwar da ke ci sau ɗaya a shekara. Iyali ashirin da ke zuwa kowane mako sun fi wa ƙauye amfani fiye da mutum dubu biyar da ke zuwa rana ɗaya su watse.

Yadda kuɗin ke zagayawa ba boyayyen abu ba ne. Iyalin da suka iso ranar Juma'a da dare za su sayi itace ko gawayi, da kaji, da ƙwai, da kayan miya. Za su biya wanda ya share gida ya nome harabar, su kira kafinta ya gyara ƙofar da gara ta ci, su kira birkila ya toshe inda ke yoyo. Ranar Lahadi kuma ba sa komawa da bayan mota wayam: doya, acca, zuma, citta, manja, gyaɗa da lemo duk za su bi su birni, a farashin da ya fi wa manomi abin da dillali zai ba shi, ya kuma fi wa mai saye sauƙi a kan na kasuwar Wuse. Kusan kowace naira daga cikin wannan kuɗi a hannun talakan ƙauye take tsayawa. Kuɗin da aka biya babban otal kuwa, kaso mai tsoka nasa yakan koma birni ne wajen sayen man janareta da kayan gwangwani.

Yankin na bukatar irin wannan ƙarin hanyar samu fiye da kowane lokaci. Citta ita ce ƙashin bayan arzikin Kachia da Jaba da Kagarko da kewayensu, kuma ita ta sa Nijeriya cikin manyan ƙasashen da ke nomanta a duniya. A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta, ta cinye mafi yawan amfanin shekarar, ta bar manoma da bashi, irin shuka ma ya yi tsada. Wannan annoba ta nuna haɗarin rataya rayuwar al'umma gaba ɗaya a kan amfanin gona guda. Ita ma Kafanchan ta ɗanɗana irin wannan a baya. Garin ya bunƙasa ne saboda jirgin ƙasa, tun da ya zama mahaɗa a 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Da harkar jirgin ta durƙushe, sai ciniki da aikin yi suka bi ta.

To, me ya hana mutane zuwa gidajen da suka gina da guminsu? Amsa ta farko ita ce tsoro, kuma ba tsoron banza ba ne. Rikicin da ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a Maris 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da tarzomar bayan zaɓen 2011 da ta yi ɓarna a Zonkwa da Kafanchan, duk sun bar tabo a zukatan Kirista da Musulmi baki ɗaya. Bayan su aka shiga zamanin hare-haren dare a ƙauyuka, kamar waɗanda aka kai yankin Kagoro a Maris 2022 da Malagum a Disamba na wannan shekarar, inda aka rasa rayuka masu yawa. A Afrilun 2019 'yan bindiga suka kai hari gidan shaƙatawa na Kajuru, wanda wani Bajamushe ya gina a kan dutse cikin shekarun 1980, suka kashe mutum biyu, ɗaya 'yar Birtaniya, suka kuma yi awon gaba da wasu. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 ya ƙara sanyaya gwiwar matafiya. Magidanci ba zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya bi hanyar da yake zargin za a tare shi ba, komai kyan dutsen da ke jiransa.

Akwai masu ganin cewa maganar hutu da shan iska a yankin da ake binne mutane rashin tausayi ne, kuma dole a saurare su. Sai dai ya kamata a lura da wani abu: ƙauyen da manyan 'ya'yansa suka ƙaurace masa shi ne ya fi sauƙin kai wa hari, shi ne kuma kukansa ba ya isa kunnen hukuma. Darakta ko kanar mai ritaya da ke kwana a ƙauyensu sau biyu a wata, shi zai fara buga waya in gada ta karye, ko in aka janye jami'an tsaro daga wani shinge, domin ransa da na iyalinsa na ciki. Wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara da rakiyar 'yan sanda kuwa, labarin ƙauyen a jarida yake karanta shi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Haka nan, dole a tuna cewa gidajen gado a wannan yanki ba na ƙabila ɗaya ko addini ɗaya ba ne. Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro da Fantswam da Kaninkon na da nasu, Hausawa da Fulanin Jama'a da Kafanchan da Zangon Kataf ma na da nasu, kuma akwai iyalai daga ɓangarorin biyu da rikici ya raba da gidajensu har yau ba su koma ba. Duk wani shiri na farfaɗo da zuwa gida da ya manta da ɗaya ɓangaren zai ƙara zurfafa ramin da ake son cikewa. Yarjejeniyar zaman lafiya da al'ummomin ƙananan hukumomi biyar suka rattaba wa hannu a Kafanchan a 2016, da Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna da aka kafa a 2017, tubali ne da za a iya ɗora gini a kansu. Kasuwar da mai tsire da mai nono da mai doya duk ke cin moriyar baƙo ɗaya tana ba kowa dalilin kare hanyar da baƙon ke bi.

Cikas na biyu shi ne tsadar tafiya. Kafin a janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Tafiyar da ƙaramin ma'aikaci ke yi da motarsa ba tare da dogon lissafi ba, yanzu sai ya auna ta da kuɗin makarantar yara. Ramukan da ke kan hanya kuma na ƙara masa kuɗin taya da na makanike. A nan ne maganar jirgin ƙasa ke da muhimmanci. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a Maris 2021, layin da ya ratsa ta Kafanchan. Ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna da wakilan yankin a Majalisar Tarayya su matsa lamba domin a ba sashen Kaduna zuwa Kafanchan da na Kafanchan zuwa Jos fifiko. Jirgin da zai tashi Juma'a da yamma ya dawo Lahadi, da jami'an tsaro a cikinsa, zai rage wa iyali tsada da fargaba a lokaci guda. Gwamnatin jihar, wadda a Disamban 2021 ta ɓullo da tsarin aikin kwana huɗu a ofis ga ma'aikatanta, ta riga ta nuna cewa lokacin hutu ba shi ne matsala ba.

Cikas na uku shi ne takarda. Galibin waɗannan gidaje an gina su ne a kan filin gado, bisa amincewar dattawan gida, ba tare da takardar mallaka ba. Ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen karkara na hannun ƙananan hukumomi ne wajen ba da takardar izini ta gargajiya, amma mutane ƙalilan ne ke nemanta. Gidan da ba shi da takarda banki ba ya karɓarsa jingina, saboda haka mai shi ba zai samu rancen haƙa rijiyar burtsatse ko sa wutar sola ba, alhali ruwa da wuta su ne abin da baƙo mai biyan kuɗi zai fara tambaya. Idan mai gidan ya rasu kuma, sai magada su shiga jayayya, gidan ya rushe suna kallo. Hukumar KADGIS mai kula da rajistar filaye a jihar na iya kai ma'aikatanta Kafanchan da Kwoi da Zonkwa a lokutan bukukuwa, sa'ad da masu gidajen ke gida, ta yi musu rajista a kan kuɗi mai rangwame.

Sai dai a nan akwai wurin taka tsantsan. Ƙasa ita ce tushen mafi yawan rigingimun kudancin Kaduna. Idan aka bari attajiran birni suka shigo suna saye gonaki da gindin duwatsu suna kewayewa da katanga, to an kunna wata sabuwar wuta, domin za a toshe wa manomi gonarsa, a toshe wa makiyayi burtalinsa da mashayar shanunsa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya fi dacewa a fara da gidajen da ke tsaye, a kan filayen da ba wanda ke jayayya a kansu. Wuraren da jama'a suka yi tarayya a kai, irin su Matsirga da hanyoyin hawa dutsen Kagoro, su ci gaba da zama a hannun al'umma da masarautunsu, kuɗin shiga kuma a riƙa bayyana yadda aka kashe shi.

Ta fuskar doka, jihar na da cikakken iko. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da aka yi tsakanin Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, cewa rajista da sa ido kan otal-otal da masaukai hurumin jihohi ne. Saboda haka ba abin da zai hana Jihar Kaduna ta fito da wani rukuni na musamman na masaukin gida, mai sauƙin rajista da ƙaramin haraji, wanda sharuɗɗansa ba za su wuce tsabta da ruwa da rubuta sunan kowane baƙo domin tsaro ba. Idan aka ɗora wa mai ɗaki biyu harajin da ake ɗora wa babban otal, zai mayar da kwaɗonsa ya kulle. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, waɗanda ke da rassa a Kaduna da Abuja da Legas, su suka fi dacewa su tattara sunayen gidajen da ke shirye, domin sun san masu su, sun kuma san wanda za a amince wa da makulli. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan na iya taimakawa da gajeren horo ga matasan da za su riƙa kula da gidajen da raka baƙi.

Nauyi mafi girma dai yana kan masu gidajen ne. Da yawa daga cikinsu sun gina ɗakuna takwas ko goma domin a san sun isa, ko domin a samu wurin zaman makoki ranar da suka kwanta dama, alhali ɗaki uku mai ruwa da wuta da ake kwana a ciki kowane wata ya fi amfani. 'Ya'yansu da aka haifa a birni, waɗanda da yawansu ba sa jin harshen iyayensu, ba za su riƙe gidan da ba su saba da shi ba. Ranar da gado ya faɗo hannunsu, ko su sayar ko su bar wa ciyawa.

Gwamnati ta tsare hanya, ta gyara ta, ta maido da jirgi, ta sauƙaƙa takarda. Waɗannan ayyuka huɗu ko babu maganar hutu haƙƙin jama'ar yankin ne, kuma manomin citta da ɗan makaranta da mai jinya duk za su ci moriyarsu. Idan aka yi su, ba sai an kashe ko kwabo wajen gina masauki ba, domin ɗakunan na nan a Kagoro da Kwoi da Zonkwa da Kafanchan, an riga an biya kuɗinsu tuntuni, makullansu kuma na cikin aljihun masu su a Abuja da Kaduna.